Ƙananan Kalmomin da ke Cinye Makin Yaranmu



Duk wanda ya taɓa zama da jar biro a gaban tulin littattafan insha'in Turanci ya san wani ɓacin rai da ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki ba. Yaro ya kawo zance mai ma'ana, ya jera shi daki-daki, ya rubuta dogayen kalmomi bai ɓata harafi ko ɗaya ba, amma kafin ka kai ƙarshen shafi takardar ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta. In ka koma ka duba abin da ka zagaye, sai ka ga yawancinsa 'yan ƙananan kalmomin nan ne masu harafi biyu ko uku: “of”, “to”, “for”, “in”, “on”, “at”, “by”. Littattafan nahawun Turanci na kiran su “preposition”. Mu a nan za mu kira su 'yan rakiya, domin aikinsu ke nan. Sunaye da yawa a Turanci ba sa fita sai da mai raka su, ko a gaba ko a baya, kuma kowane suna da ɗan rakiyar da ya saba tafiya da shi.

Ra'ayinmu shi ne mun daɗe muna koyar da waɗannan kalmomi ta hanyar da ba ta ɓullewa, sannan mu juya mu ɗora wa yaro laifin da tushensa ke cikin darasinmu. Gyaran kuwa yana hannunmu, bai buƙatar kwangila ko kasafin kuɗi.

Mu fara da inda cutar ta samo asali. Bahaushe na da wata dabara mai sauƙi ta haɗa suna da suna: ya liƙa wa na farkon “n” ko “r”, shi ke nan zance ya ɗaure. Dalilin zuwa, amsar tambaya, makullin ɗaki, hanyar Kano, ƙarin farashi, sha'awar karatu, buƙatar malamai, gayyatar biki, tsoron Allah. Harafi ɗaya ya ɗauki nauyin dukkansu, ba wanda ya taɓa jin ya gaza. To, tun a firamare mun gaya wa yaro cewa wannan “na” ko “ta” a Turanci shi ne “of”. Mun rubuta masa a allo, ya maimaita, ya haddace, mun ba shi maki. Ranar da ya zo rubuta insha'i sai ya yi amfani da abin da muka ba shi: “the reason of my coming”, “the answer of the question”, “the key of the room”, “my interest of reading”. Mu kuma mu zaro jar biro.

Abin da Bature ke faɗi shi ne “reason for”, “answer to”, “key to”, “road to”, “increase in”, “interest in”, “need for”, “invitation to”. A cikin misalai tara da muka jera, ɗaya tak ne “of” ya yi daidai a cikinsa, wato “fear of God”. Sauran takwas Turanci ya raba su tsakanin 'yan rakiya uku. Dubi kalmar magani kawai: maganin zazzaɓi “medicine for fever” ne, maganin matsala kuwa “solution to the problem”. Kalma ɗaya a wurinmu, da harafi ɗaya a wutsiyarta, amma can ta rabu gida biyu. Yaron da ya rubuta “of” a duka biyun tunani ya yi, ya bi ƙa'idar da aka koya masa har ƙarshenta. Malaman lissafi za su ce ai suna ganin “solution of the equation” a littattafansu, kuma gaskiyarsu ce. Wannan ma ƙarin shaida ne cewa abin ba ya tsayawa kan doka ɗaya.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. Waɗanda ke zuwa duba takardun WAEC daga cikinmu sun san yadda ake raba maki 50 na insha'i: 10 ga abin da aka faɗa, 10 ga tsari, 20 ga iya sarrafa harshe, 10 ga tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da ƙa'idar rubutu. A wannan kashi na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci, kuma ɗan rakiyar da aka sa a inda ba wurinsa ba yana cikin abin da ake ƙirgawa. Kuskure 20 ya isa ya share goman nan kaf. A insha'i mai kalmomi kimanin 450, yaron da bai san abokin tafiyar kowane suna ba zai iya haɗa 20 ɗin kafin ya gama sakin layi na uku, ga kuma abin da zai zaftare masa a kashin sarrafa harshe. Sannan ya juya ga tambayoyin zaɓi, ya tarar an bar masa gurbi a tsakiyar jimla an jera masa 'yan rakiya huɗu ya ɗauki ɗaya. Kowa ya san ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a Turanci. Yarinyar da ta ci kimiyyar sinadarai da ta halittu da lissafi, take mafarkin aikin likita, tana iya zaman shekara guda a gida saboda kalmomin da ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa a kan takarda ba. Akwai gidajen da ba a sake biyan kuɗin jarrabawa karo na biyu, musamman in 'ya mace ce. Wasu daga cikin gidajen nan namu ne.

Haka abin yake in ɗan rakiya ya zo a gaban suna. Muna cewa da safe, da rana, da yamma, da dare, duk “da” ɗaya. Bature ya ce “in the morning”, “in the afternoon”, “in the evening”, sai da ya zo kan dare ya sauya ya ce “at night”. In kuma aka ambaci ranar, safiyar nan da take tafiya da “in” sai ta koma “on Monday morning”. Muna cewa ya zo a mota, ya zo a keke, ya zo a ƙafa. Shi ya ce “by car”, “by bicycle”, amma “on foot”. In yana cikin ƙaramar mota ya ce “in the car”, in babbar bas ce ya ce “on the bus”, alhali ba a kan rufinta yake zaune ba. Yaron da ya saba jin “da ƙafa” ya rubuta “with leg”, ajin ya kwashe da dariya, shi kuwa daga ranar ya daina ɗaga hannu.

A nan ne da yawa daga cikinmu muke yin kuskure na biyu. Yaro ya tambaya me ya sa dare ya bambanta da safiya, sai mu ji kunyar cewa haka nan masu harshen suka saba, mu ƙago masa dalili nan take. Dalilin ya yi aiki a misali biyu, ya karye a na uku, yaron ya ƙara rikicewa. Gara mu faɗa masa gaskiya. Akwai wuraren da hankali ke ja-gora, musamman in wuri ake nufi: “on the table” kan tebur ne, “in the box” cikin akwati ne, kuma Bahaushe da ya ɗebo kan, cikin, bayan, gaban da bakin daga sassan jikinsa ba ya shan wahala a nan. Amma da zarar an bar tebur da akwati aka shiga “on leave”, “on duty”, “in debt”, “at risk”, “by mistake”, “on purpose”, to sabo ne ke mulki. Me ya sa “cause of” amma “reason for”, bayan ma'anarsu kusan ɗaya ce? Me ya sa “need for teachers” amma “in need of teachers”? Su kansu masu harshen ba su daidaita ba: mutumin Ingila ya ce “at the weekend”, na Amurka ya ce “on the weekend”. Mu 'yan ƙungiya akwai biyu da ba mu taɓa kuskurensu ba, “on strike” da “in arrears”, kuma ba wanda ya koya mana dokarsu. Yawan ji ne da yawan faɗi, ga kuma ɗaci a zuciya.

Harshenmu ma haka yake, sai dai ba ma gani domin a cikinsa aka haife mu. Muna cewa kusa da gida, mu kuma ce nesa da gida. Ta yaya “da” ɗaya ya yi aikin kusanci ya kuma yi na nisa? Muna cewa ya haɗu da shi, ya rabu da shi. Baƙon da ke koyon Hausa zai tsaya ya nemi dalili, mu kuwa sai dai mu ce masa haka ake faɗi. Ba wanda ya zaunar da ɗan shekara huɗu ya karanta masa doka kafin ya iya cewa “nesa da”. Ya ji su tare, ya ɗauke su tare, kamar kalma guda. Wannan misali kaɗai, in aka kawo shi a aji, yana sauke wa yaro wani nauyi daga ka: sai ya gane ashe ba daƙiƙancinsa ba ne, halin harsuna ne.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce. Ai Turancin Nijeriya ya zama namu, kowa na fahimtar kowa, don me za mu takura wa yara saboda Bature? Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya ce maka oga “is not on seat” ka gane nufinsa, kuma ba za mu goyi bayan a riƙa muzanta mutum a kasuwa ko a tasha saboda ɗan rakiya ba. Amma mai duba takarda ba ya tambayar ko an fahimta, mai tace takardun neman aiki ma haka. Ban da wannan, akwai inda sauya ɗan rakiya ke sauya zancen ɗungurungum. “On time” shi ne daidai lokacin da aka yanka, “in time” kuwa kafin lokaci ya ƙure. “On the way” yana kan hanya, “in the way” ya tare hanya. Yaron da ya rubuta wa shugaban makaranta cewa mahaifinsa “is in the way” ya faɗi abin da bai yi niyya ba. “An increase in salary” ƙarin albashi ne, “an increase of 5,000 naira” kuwa adadin abin da aka ƙara. Wanda ke zaman sasantawa da hukuma a madadinmu ya san bambancin nan ba wasa ba ne.

Yanzu sai maganar da ba ta da daɗin faɗi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu duba allon sanarwa na ɗakin malamai, mu duba takardun da muke rubuta wa juna da waɗanda ke zuwa mana daga ofisoshi. “Congratulations for your promotion” nawa muka karanta, alhali “congratulations on” ne? Sau nawa muka rubuta “we discussed about”, “we requested for”, “he emphasised on”? Waɗannan ukun suna da tarihi mai ban sha'awa, domin daga sunaye aka ɗebo su. “A discussion about”, “a request for”, “emphasis on” duk daidai ne, saboda sunaye ne da 'yan rakiyarsu. Aikatau ɗinsu kuwa, “discuss”, “request”, “emphasise”, su kaɗai suke tafiya. Wani ya ɗauko ɗan rakiyar suna ya ba aikatau, ya koya wa ɗalibansa, su ma suka zama malamai suka koya mana. Ba mu muka kashe zomon ba, rataya aka ba mu. Amma ratayar tana kafaɗarmu yau, kuma yara sun fi kwaikwayon abin da suka ji a bakinmu fiye da abin da ke cikin littafi, ballantana a makarantun da littafin ma babu shi.

To me za a yi? Abu na farko, mu daina koyar da suna shi kaɗai. Ranar da za a rubuta sabuwar kalma a allo, a rubuta ta da abokin tafiyarta da ɗan guntun zance: “reason for coming late”, “solution to our problem”, “respect for elders”, “lack of water”, “damage to the roof”. Yaro ya faɗa, ya rubuta, ya ƙirƙiro nasa misalin daga rayuwarsa, gobe a sake waiwayowa. Biyar a mako sun isa. Zango ɗaya mai mako 12 ya ba da 60, kuma sunayen da ke yawan dawowa a insha'in ɗan sakandare ba su da yawan da muke zato. Wannan ya fi a keɓe wa 'yan rakiya darasi guda a shekara, a jera su 30 a allo da ma'anar kowanne, a wuce. Kuma ba aikin malamin Turanci kaɗai ba ne. Malamin tattalin arziki da ke rubuta “demand for” da “supply of” kullum, da na kimiyya mai “effect on” da “reaction to”, kowannensu na iya ja wa kalmomin layi a ƙasa, bai rasa minti guda daga darasinsa ba.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, ya lura cewa baƙon harshe ba ma'anar kalma kaɗai yake buƙata ba, har da sanin yadda take zama da maƙwabtanta. A kan haka ya gina ƙamusun da Oxford ta buga a 1948, wanda yau muka sani da Oxford Advanced Learner's Dictionary. Buɗe shi a kan kowane suna irin waɗannan, za ka ga ɗan rakiyarsa a gefensa da misali. Yawancinmu mun mallake shi ko mun taɓa riƙe shi, amma mun saba karanta ma'ana mu rufe. Koya wa ɗan aji huɗu na sakandare yadda zai karanta wannan ɓangare ya fi masa amfani fiye da darasi goma na dokoki.

Abu na biyu shi ne wanda muka san zai jawo gardama: mu shigo da Hausa cikin darasin, a fili, ba da ɓoyo ba. A raba allo biyu. A hagu a rubuta dalilin, amsar, makullin, sha'awar, buƙatar. A dama yara su nemo abokin kowanne a Turanci, su gani da idonsu yadda harafi ɗaya ya watsu zuwa kalmomi uku. Yaro na yin fassarar nan a cikin kansa ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Hana shi furta Hausa, da cin sa tara saboda “banakula”, ba ya tsayar da fassarar. Ɓoye mana ita kawai yake yi, har sai ta fito a takardar jarrabawa inda ba mu da damar gyarawa. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince da harshen uwa a farkon firamare, ko da yake an sha juya maganar. Gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna Turancinsu bai gaza na takwarorinsu ba. Ba muna cewa a mayar da darasin Turanci na Hausa ba ne. Minti biyar na kwatance muke nema, a wurin da harsunan biyu suka saɓa, sannan a koma Turanci a yi ta maimaitawa.

Mai aji mai yara fiye da 100 zai ce yaushe zai duba wannan duka? Tambaya ce ta gaskiya, kuma cunkoson aji na cikin abin da ƙungiya ba za ta daina kuka a kansa ba. Amma wannan aiki da baki ake yin yawancinsa. Ka faɗi suna, layi ɗaya ya amsa da ɗan rakiya, layi na biyu ya sa su a jimla. Yara na iya musayar littattafai su duba wa juna abu biyar. Ba ya neman wutar lantarki.

Saura namu gyaran. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017 ba, lokacin da aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su, har ƙungiyarmu ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Kowa na da ra'ayinsa kan yadda aka gudanar da al'amarin. Abin da ba a gardama a kansa shi ne yadda aka baza takardun amsoshin malamai a jaridu da intanet, jama'a na dariya. Malamin da bai sami horo ba tun da ya bar kwalejin ilimi, wanda albashinsa bai isa ya sayi ƙamus ba, shi aka kafa a gaban duniya. Za mu ci gaba da neman hukuma ta sauke nauyin horar da mu, haƙƙinmu ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gara mu gano yoyon a tsakaninmu, inda ba mai ƙyamar wani, da a ce wani ya gano mana shi a bainar jama'a.

Ga iyayen yara da ke karanta wannan takarda a gidajenmu, ko da ba ku jin Turanci kuna da rawar takawa. Ku sa yaro ya karanta muku shafi ɗaya da ƙarfi kowane dare. Kunne ne ke kama 'yan rakiya kafin hannu ya iya rubuta su, kuma yaron da ya furta “interested in” da “interest in” sau hamsin, ranar da ya rubuta “interest of” shi da kansa zai ji abin ya yi masa bambaraƙwai. In ya nuna muku takarda ta yi ja, ku tambaye shi waɗanne kalmomi aka zagaye kafin ku yi faɗa.

Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa: a ware rabin sa'a a kowane taro, malaman Turanci na sakandare su zauna da 'yan'uwansu na firamare, domin a can ne “of” ke fara kafa saiwa. Kowa ya zo da littattafan ɗalibai biyar an rufe sunayensu, mu tsamo kurakuran da suka fi maimaituwa a makarantunmu, mu tsara abin da za a koyar mako-mako daga cikinsu. Wanda ke da ƙamusun Hornby ya taho da shi. Sakataren reshe kuma, in bai ji nauyi ba, ya kawo mana takardun sanarwar da muka fitar a bara, mu fara da su.